Aliyu Ɗan Sidi: Sarkin Da Ya Haddasa Gardama A Gidana

Mai karatu, kusan wata guda ke nan ana zaman doya da manja tsakanina da uwargida a ɗan gidanmu da ke Kwarbai cikin birnin Zariya, kuma ba a kan kuɗin cefane ba ne, ba kuma maganar ƙarin aure ba ce. A kan wani bawan Allah ne da ya bar duniya tun 1924, wato marigayi Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Allah Ya jiƙansa.

Mafarin abin shi ne wasu littattafai biyu da na zaƙulo daga cikin kwalin da ƙura ta rufe. Na farko shi ne Government in Zazzau na M.G. Smith, masanin nan haifaffen Jamaika, wanda aka buga a 1960. Na biyu kuwa Baba of Karo ne, wanda matarsa Mary Smith ta rubuta, ya fito a 1954. Miji da mata ne suka zo ƙasar Zazzau tare a 1949, shi ya bi fada da hakimai yana tambayar wa ya hau, wa ya sauka, wa aka ƙwace wa sarauta, ita kuma ta shimfiɗa tabarma a Giwa tana sauraron wata tsohuwa tana ba ta labarin aure da saki da kishi da goyon 'ya'yan dangi. Ni na ɗauki na mijin, uwargida ta ɗauki na matar, kowa ya shige nasa. Ashe faɗa muka raba wa kanmu ba mu sani ba.

Aliyu jikan Malam Musa Bamalli ne, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zama sarkin Fulani na farko a Zazzau, kuma tushen gidan Mallawa. Mahaifinsa, Sidi Abdulƙadir, ya hau gadon sarauta amma ko shekara bai cika ba ya saɓa da Wazirin Sakkwato aka tuɓe shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Zazzau ta wancan ƙarni, domin Sarki Abdullahi sau biyu ana cire shi, haka shi ma Sarki Sambo rawaninsa bai kai shi kabari ba. Gidaje huɗu ne ke zawarcin kujera ɗaya, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma Smith ya nuna dalla-dalla yadda duk wanda ya hau yakan sauke mutanen wanda ya gada ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa da barorinsa. Saboda haka ɗan sarkin da aka tuɓe ubansa yakan tashi ne da ido ɗaya a buɗe ko da yana barci. A irin wannan gida Aliyu ya girma, ya yi karatu mai zurfi, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana kallon sarautar tana zagayawa tsakanin wasu gidajen.

Sai ga Turawa. A 1902 Kyaftin Abadie, wanda mutanen Zazzau suka laƙaba wa Mai Jimina, ya zauna a matsayin Razdan. Sarkin da ya tarar shi ne Muhammadu Kwasau na gidan Barebari, wanda ya hau a 1897. Zaman bai yi daɗi ba, musamman bayan da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a cikin wannan shekara, alhali Keffi na ƙarƙashin Zazzau ne. Aka kama Kwasau, daga baya aka kai shi Lokoja. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, Lugga ya naɗa Aliyu. Ke nan shi ne Sarkin Zazzau na farko da takardar naɗinsa ba daga Sakkwato ta fito ba, kuma lokacin ya riga ya manyanta.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya ya auna irin kujerar da aka miƙa wa mutumin nan. Arzikin sarakunan Zazzau da manyanta a ƙarni na 19 ya dogara ne ƙwarai a kan bayi: waɗanda ake kamowa a yaƙi, waɗanda ake karɓa a matsayin gaisuwa daga kudancin ƙasar, da waɗanda ke noma a rinji. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. Sannan aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ce hakimai su bar birni su tare a garuruwansu, aka kafa baitulmali, sarki ya koma mai karɓar albashi. Wato an bar masa rawani da alkyabba da tambari, an kuma bar masa ɗaruruwan bakuna da al'ada ta ce shi zai ciyar, amma an toshe rijiyar da kakanninsa ke ɗiba. Ga kuma Bature a bayansa yana neman haraji da leburori. A zamaninsa ne aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, aka kuma ja wata ƙarama daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza a Jos. Wa zai tara masu haƙa da masu ɗaukar ƙasa? Sarki ne zai umurci hakimi, hakimi ya umurci dagaci, dagaci ya shiga gida-gida. Aikin na Bature ne, amma fuskar da talaka ya gani ta sarki ce.

Ni dai, a gaskiya, ba ta hanyar tarihi na fara sanin Aliyu ba, ta hanyar waƙa ce. Duk wanda ya zauna ajin adabin Hausa ya ci karo da Waƙar Diga, inda ya siffanta wannan aiki na hanyar jirgi, da Waƙar Zuwa Birnin Kano, da Mu Sha Falala, da kuma Tabarƙoƙo. Da ajami ya rubuta su, da Hausa mai nauyi wadda karin magana da habaici suka yi mata katutu, ta yadda sai ka karanta baiti sau uku kana tsammanin wa'azi yake yi, a na huɗu ka gane ashe da wani yake. Wanda bakinsa ba ya da ikon faɗa wa Razdan abin da ke ransa, ga magauta sun kewaye shi a cikin fadarsa, sai ya mai da alƙalami abokin sirri. Sarakunan da suka yi mulki a ƙarƙashin Turawa suna da yawa, amma kaɗan ne ƙwarai suka bar mana muryarsu da hannunsu. Wannan ne ya sa tun ina saurayi na ajiye shi a sahun mutanen kirki ban sake waiwayar maganar ba.

To amma akwai wani alƙalamin a cikin ganuwar. Likita Walter Miller, ɗan mishan ɗin CMS, ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya tun 1905, yana ba da magani yana koyar da yara, ga shi da Hausa kamar jakin Kano. Shi da sarki ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Miller ya yi ta kai ƙara wurin hukuma yana zargin Aliyu da zalunci da ƙwace da hannu a cinikin bayi a ɓoye, kuma a littafinsa Reflections of a Pioneer na 1936 bai rage masa komai ba. Shekara da shekaru jami'an mulkin mallaka suna kau da kai, domin tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna bai son a taɓa martabar sarki. Sai da Sir Hugh Clifford ya zama Gwamna a 1919, mutumin da bai yarda a bar sarakuna su ci karensu babu babbaka ba, sannan aka saurari ƙorafin. Aka yi bincike, aka tuɓe Aliyu a 1920, aka naɗa Dallatu na gidan Barebari.

Da na kawo nan a labarin, wani dare da aka ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, sai na yanke hukunci da ƙarfin gwiwa cewa makirci ne kawai: ɗan mishan da aka hana shi sakewa, da 'yan gidajen sarauta masu jiran gado, da sabon Gwamna mai neman wanda zai yi misali da shi. Har yanzu ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a wannan. Miller ba alƙali ba ne, mai ƙara ne, kuma Turawan da suka tuɓe Aliyu saboda zaluntar talakawa su ne suka sa aka kwashi talakawan nan zuwa aikin diga.

Uwargida ba ta musa ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta tambaye ni ko a cikin duk littattafan da nake taƙama da su akwai inda aka rubuta sunan ko da yarinya ɗaya daga cikin waɗanda aka ce an sayar ko an kai gidajen manya. Na yi shiru. Ta ce ita a nata littafin ta ga yadda abin yake daga ƙasa. Baba, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ta ba da labarin yadda mahara ke faɗa wa ƙauye su kwashi mata da yara, da yadda dangi ke tara dukiya su bi sawu su fanso nasu, da yadda talakawa da yawa suka ji sanyi a ransu da aka daina wannan. Kuma Baba ba baiwa ba ce, gidansu ma suna da bayi a rinji, ta kuma faɗi yadda suka watse bayan zuwan Turawa ba tare da ta ɓoye asarar da aka yi ba. Hujjar uwargida ita ce, idan mai ƙara yana da mugun nufi, wannan bai wanke wanda ake ƙara ba. Maƙiyinka ma yana iya faɗin gaskiya a kanka, hasali ma shi ya fi kowa ƙwazon nemo ta.

Na so in kare kaina da cewa ai kowane sarki na lokacin haka yake, sai ta tuna mini cewa ni ne kullum nake rubutu a kan shugabannin yanzu ina cewa yawan masu laifi ba ya mai da laifi halal. Daga nan ta wuce da zancen inda ban zata ba. Ta ce Baba ta yi aure har sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma a duk mazajen nan babu wanda ta zana a matsayin mala'ika ko shaiɗan. Takan faɗi alherin mutum ta faɗi inda ya gaza, ta kuma faɗi dalilin da ya sa ta fita. A ganinta mace da ta zauna da miji ta san cewa mai kyauta da mai faɗa sau da yawa mutum ɗaya ne, mu maza masu karatun tarihin sarakuna ne muka nace sai an raba mana su gida biyu kamar tatsuniya. Ban ji daɗin misalin ba, don na lura tana kallona lokacin da take kawo shi.

Washegari na koma ga Smith, na kuma nemo Slow Death for Slavery na Lovejoy da Hogendorn, wanda ya fito a 1993. Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Cinikin mutane a ɓoye, musamman mata da ƙananan yara, ya ci gaba a Arewa shekaru da dama bayan dokar 1901, sau da yawa a fake da sunan fansa, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai a 1936. Zargin da aka yi wa Aliyu bai faɗo daga sama ba. Haka kuma bai kauce wa al'adar magabatansa ba wajen cika sarautu da mutanen gidansa, abin da ya tara masa maƙiya a sauran gidajen, waɗanda suka yi shiru har ranar da iska ta juya. Mawaƙin da ya iya kuka da zamani da irin wannan fasaha, shi ne kuma mai mulkin da wasu suka yi kuka da shi. Na kasa jefar da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma na daina ƙoƙarin yin haka.

Lokoja aka kai shi, garin da aka kai Kwasau wanda ya gada, inda kuma Sarkin Kano Alu Babba ke zaman gudun hijira. Ɗan sarkin da Sakkwato ta tuɓe ya ƙare a matsayin sarkin da Turawa suka tuɓe. Can ya rasu a 1924, can kabarinsa yake, nesa da Gidan Bakwa. Miller ma bai dawwama a birnin ba, domin a 1929 mishan ta tattara ta koma Wusasa. Gidan Mallawa kuwa sai da ya yi shekara ɗari cif yana jira, har watan Oktoban 2020 da aka naɗa Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli bayan rasuwar Sarki Shehu Idris. Na tuna yadda sunan Ɗan Sidi ya dawo bakin jama'a a makon nan, a majalisu da shagunan shayi na unguwarmu, kowa na ambaton shekara ɗarin, amma ban ji wanda ya tambayi dalilin tuɓewar ba. Ni ma ban tambaya ba.

Yanzu dai mun yi musaya. Ita tana fama da jadawalin sarautun Smith, tana mita cewa mutumin ya rubuta shafi ɗari uku da wani abu kamar babu mata a Zazzau. Ni kuma ina tsakiyar labarin Baba, na kai inda ake shirin aurenta na biyu. Jiya da daddare ta ce in karanto mata Tabarƙoƙo, wai tana so ta ji da kunnenta abin da ya sa na shafe shekara talatin ina kare mutumin.