Frederick Douglass: Bawan da ya koyi karatu a ɓoye, ya zama muryar baƙaƙen fatar Amurka

Ranar 3 ga Satumban 1838, wani saurayi ɗan shekara 20 sanye da kayan ma'aikatan jirgin ruwa ya faɗa jirgin ƙasa a birnin Baltimore, riƙe da takardar shaida ta aro. Da mai duba tikiti ya ƙura wa takardar ido da kyau, da kashin saurayin ya bushe, domin kamannin da aka rubuta a cikinta ba nasa ba ne. Kafin a cika awa 24 ya isa New York, inda aka riga aka haramta bauta.

Saurayin shi ne Frederick Douglass. Masu koyar da tarihin Amurka kan kasa shi zamani-zamani: na bauta, na yaƙin basasa, na sake gina ƙasa, da na wariyar launin fata. Douglass ya rayu a cikin huɗun duka, kuma a kowanne akwai sawunsa. Duk ɗalibin da ya riƙe tarihinsa ya kama zaren da ya ɗinke su.

Zamanin bauta

An haife shi a 1818 a jihar Maryland, aka raɗa masa suna Frederick Bailey. A lokacin shekara 42 ke nan da Amurka ta ayyana 'yancin kanta daga Birtaniya a 1776, bisa da'awar cewa mutane duk ɗaya suke. Amma da'awar ba ta shafi bayi ba. An hana shigo da sababbin bayi daga Afirka a 1808, sai dai duk ɗan da baiwa ta haifa bawa ne, kuma gonakin auduga na Kudu sun dogara da gumin waɗannan mutane.

Mahaifiyarsa Harriet baiwa ce, mahaifinsa kuwa farar fata ne. Tun yana jariri aka raba shi da uwar, kakarsa ce ta raine shi. Har ya bar duniya bai san takamaiman ranar haihuwarsa ba, shi ya zaɓar wa kansa 14 ga Fabrairu.

Yana kimanin shekara takwas aka tura shi aikatau gidan Hugh Auld a Baltimore. Uwargidan, Sophia, ta fara koya masa baƙaƙe, amma da maigidan ya gano sai ya hana, bisa hujjar cewa ilimi yana sa bawa ya ƙi zaman bauta. Yaron yana saurare, kuma daga nan ya gane inda ƙofar fita take. Ya riƙa ba yaran talakawan Turawa na unguwa burodi, su kuma suna koya masa karatu a bakin titi.

Yana ɗan shekara 16 aka miƙa shi ga wani manomi mai suna Edward Covey, wanda ya yi suna wajen karya lagon bayi masu taurin kai. Bayan watanni yana shan bulala, wata rana sai ya ƙi tsayawa a dake shi. Suka yi kokawa kusan awa biyu, kuma Covey bai ƙara ɗaga masa hannu ba. Yunƙurinsa na farko na guduwa a 1836 bai yi nasara ba, har ya kai shi gidan yari. Na biyun, da taimakon kuɗin wata 'yantacciyar baƙar fata mai suna Anna Murray, shi ne ya kai shi New York. Ya auri Anna, suka tare a garin New Bedford, ya ɗauki sunan Douglass don ɓatar da sawu.

Baki da alƙalami

A 1841 ya miƙe a wani taron masu adawa da bauta a Nantucket ya ba da labarin kansa. Jawabin ya ratsa jama'a, har ƙungiyar ta ɗauke shi aikin zagayawa gari-gari yana bayani. Wasu suka ce ƙarya yake yi, mai fasahar magana irin wannan bai taɓa zama bawa ba. Don ya rufe musu baki, a 1845 ya wallafa tarihin rayuwarsa, ya ambaci sunayen iyayen gijinsa da garuruwansu.

Littafin ya tona asirinsa, tunda a idon doka har lokacin dukiyar wani ne. Ya tsallaka zuwa Ireland da Birtaniya, inda magoya bayansa suka tara fam 150 suka fanshe shi a 1846. Da ya koma gida ya kafa jaridar North Star a birnin Rochester a 1847. Shekara guda bayan haka ya halarci taron neman 'yancin mata a Seneca Falls, ya goyi bayan a ba su damar kaɗa ƙuri'a.

A wannan tsakani ƙasar tana ta tsagewa. Dokar 1850 ta tilasta wa jihohin Arewa mayar da bayin da suka gudo. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

Yaƙin basasa

Zaɓen Abraham Lincoln a 1860 ya sa jihohin Kudu suka fara ɓallewa, har suka kai 11. A lokacin bayi sun kusa miliyan huɗu. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 1861. Da farko abin da Lincoln ya sa a gaba shi ne hana ƙasar rabuwa, Douglass kuwa ya dage cewa bauta ce tushen rikicin, kuma a ba baƙaƙen fata bindiga su yi yaƙin da hannunsu.

Ranar 1 ga Janairun 1863 Lincoln ya ayyana 'yanta bayin da ke jihohin da suka yi tawaye. Douglass ya shiga aikin ɗaukar sojoji, kuma 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, na cikin waɗanda suka fara shiga. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 ne suka yi wa rundunar Arewa aiki. Da ya ga ana biyan su albashi ƙasa da na fararen fata, sai ya tafi fadar White House ya kai wa Lincoln ƙorafi ido da ido. Yaƙin ya ƙare a 1865 bayan ya ci rayuka fiye da 600,000, kuma a watan Afrilun shekarar aka harbe Lincoln.

Nasarar da ta zame

Zamanin sake gina ƙasa, daga 1865 zuwa 1877, ya zo da gyare-gyare uku a kundin tsarin mulki. Na 13 ya soke bauta a 1865, na 14 ya mayar da duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa a 1868, na 15 kuma ya hana tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa a 1870. A karon farko baƙaƙen fata suka zauna a majalisar dokokin tarayya.

Douglass kansa ya samu ɗaukaka. A 1877 aka naɗa shi babban jami'in tsaro na tarayya a gundumar Washington, daga 1889 zuwa 1891 kuma ya wakilci Amurka a Haiti. Amma hanyar ba ta rasa tuntuɓe ba. Bankin ajiyar 'yantattun bayi da aka ba shi shugabancinsa a 1874 ya durƙushe cikin 'yan watanni, talakawa da yawa suka yi asarar abin da suka tara. Bayan rasuwar Anna a 1882, aurensa da wata farar fata, Helen Pitts, a 1884 ya jawo masa suka daga ɓangarorin biyu.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a Kudu. A 1877, shekarar da ya samu muƙamin Washington, gwamnatin tarayya ta daina amfani da sojojinta wajen kare gwamnatocin yankin. Tsofaffin masu bayi suka sake karɓe ragama. Aka ƙirƙiro harajin zaɓe da jarrabawar karatu don hana baƙaƙe ƙuri'a, 'yan daba irin na Ku Klux Klan suka riga suka dasa tsoro, kisan gilla a bainar jama'a ya yawaita. Douglass ya ƙare shekarunsa yana faɗakarwa cewa 'yancin da aka rubuta a takarda yana iya sulalewa idan babu mai tsare shi.

Ya rasu ranar 20 ga Fabrairun 1895 a gidansa da ke Washington, jim kaɗan bayan dawowarsa daga wani taron mata. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙoli ta halasta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a. Sai da aka shafe kusan shekara 70, bayan gwagwarmayar su Martin Luther King, kafin dokokin 1964 da 1965 su dawo da haƙƙoƙin da Douglass ya ga an rubuta a kundin tsarin mulki, ya kuma ga an tauye su tun yana raye.