Rowland Bingham, Wanda Shakka Ta Kama

An haifi Rowland Bingham a Ingila cikin 1872. A 1893 ya sauka Ikko tare da Walter Gowans da Thomas Kent, domin su kawo Bishara ƙasarmu. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, shakka ta kama shi ƙwarai. Ina alkawarin Ubangiji, ga bayinsa sun mutu tun ba su yi shuka ba? Ka lura, ɗan'uwa, bai rufe Littafi Mai Tsarki ba, sai ya yi ta bincike yana roƙon jinƙai. Ya komo a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 abokan aikinsa suka zauna a Patigi. Ya rasu a 1942.