Muhammadu Ali ɗan Sa'idu: Babarbaren da ya ratsa Damagaram ya zama sojan ƴanta bayi a Amurka

A cikin dubban bayin da ayarin fatake ya ratsa birnin Damagaram da su a ƙarni na 19, kaɗan ne tarihi ya riƙe sunansu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda Turawa suka sani da Nikolas Sa'id. Ya dace a tuna da shi a cikin wannan littafi, domin labarinsa wani yanki ne na tarihin ƙasarmu.

An haife shi a Kukawa, fadar Shehun Barno, wajen shekarar 1836. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, babban jarumin yaƙin Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi, mahaifiyarsa kuwa ƴar ƙasar Mandara ce. Yana ɗan saurayi, sun fita farauta da abokansa, mahara suka auka musu suka kame su. Aka kai shi Katsina, inda wani falke mai suna Abdulƙadir ya saye shi. Daga nan ayari ya biyo da shi Damagaram, wadda a lokacin take kai gaisuwa Kukawa, kana suka faɗa Sahara har Murzuk ta ƙasar Fazzan.

A Murzuk ne ubangidan nasa ya gane ko ɗan wane ne, ya ce zai mai da shi gida. Amma azabar ƙishirwa da ya sha a hanya ta sa yaron ya ƙi sake ƙetara rairayi. Aka sayar da shi ga Turkawa. Ya zauna a Tarabulus, ya raka wani ubangidansa Makka, sa'an nan aka kai shi Santambul. A 1853 ya shiga hannun wani basaraken Rasha, daga bisani ya zama baran yarima Turubetskoyi, wanda ya matsa masa har aka yi masa baftisma a birnin Riga a 1855, aka raɗa masa suna Nikolas. Ya zaga ƙasashen Turai tare da yariman, ya ƙara Rashanci da Faransanci da Italiyanci da Jamusanci a kan Barbarci da Larabci da Turkancin da ya riga ya iya.

A 1860 ya sauka Amurka yana ɗa, ba bawan kowa ba. Yana koyarwa a birnin Detroit sa'ad da yaƙin basasa, wanda ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu riƙe da bayi, ya yi tsanani. Ranar 1 ga Janairu 1863 shugaba Abraham Linkon ya yi shelar ƴanta bayin jihohin da suka yi tawaye, aka kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar aikin soja. Jihar Masacusets ta kafa runduna ta 54 ta sojan ƙasa. Masu neman shiga suka yi yawa har aka kafa ta 55. A cikin wannan ta biyun ne ɗan Barka Gana ya rubuta sunansa, aka kuma ba shi galan sarjan.

Rundunar ta bar Boston a watan Yuli 1863, aka kai ta tsibiran da ke bakin Carleston ta jihar Karolina ta Kudu. Watanni suka yi suna haƙar ramuka da jan igwa cikin zafi da zazzaɓi. Sai kuma ga jarrabawar da ta fi wannan. An yi musu alkawarin dalar Amurka 13 a wata kamar farar fata, amma gwamnati ta ce 10 za a ba su, a kuma cire 3 kuɗin tufafi. Sojojin suka ƙi karɓar ko anini. Jiharsu ta ce za ta cika musu gibin, nan ma suka ƙi, domin daraja suke nema, ba sadaka ba. Sun fi shekara suna aiki ba albashi, iyalansu na cikin ƙunci, har majalisar dokoki ta daidaita albashin a Yuni 1864, aka biya su a Oktoba.

A fagen fama ma rundunar ba ta ba da kunya ba. Ranar 2 ga Yuli 1864 ta ƙwace igwa 2 daga abokan gaba a tsibirin James. Ranar 30 ga Nuwamba ta yi asarar mutane masu yawa a gumurzun Honey Hill, inda aka ji wa kwamandanta, kanal Hartwell, rauni. Ranar 21 ga Fabrairu 1865 ta shiga Carleston, bayin da suka sami kansu suna tarbarta da murna. Shi kuwa Sa'idu ya roƙi a sauke masa galan, ya koma aiki a asibitin sojoji, yana hidimar majinyata. An sallami rundunar a Agusta 1865, a Disamba kuma aka haramta bauta a duk ƙasar.

Bayan yaƙi bai koma Arewa ba. Ya zauna a Kudu yana koyar da ƴaƴan ƴantattun bayi a jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya da Alabama. A 1873 aka buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa a birnin Memfis. A ciki ya ambaci Kukawa da Katsina da Zindar, amma ya yi shiru a kan aikin sojansa, alhali yana zaune cikin mutanen da rundunarsa ta yaƙa. Can ya ƙare kwanakinsa, bai sake ganin Barno ba.

Cinikin bayi na daga cikin abin da ya arzuta biranenmu a wancan zamani, kuma ɓoye shi ba zai ƙara wa sarauta daraja ba. Yaron da ya wuce ta ƙofar birninmu a matsayin haja ya je ya sa hannu wajen kwance wa wasu mari. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyashe mu da zaluntar ɗan'adam. Amin.