Karl Landsteiner, Likitan da ya Gano Rukunin Jini

Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa a Gezawa, ko yaro mai amosanin jini ya ɗashe, akan kai su asibiti a yi musu ƙarin jini. Amma likita ba ya sa wa mutum jinin wani sai ya auna duka biyun tukuna. Mutumin da ya koya wa duniya wannan awo shi ne Karl Landsteiner.

An haife shi ran 14 ga watan Yuni, 1868, a ƙasar Ostiriya cikin Turai, ya girma a Viyana, babban birnin ƙasar. Ubansa ɗan jarida ne, ya mutu Karl yana da shekara shida, uwarsa ta ci gaba da renonsa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Viyana, ya gama cikin 1891. Daga nan ya tafi Jamus da Suwizalan ya ƙaro ilmin sinadarai, kana ya komo gida ya duƙufa kan bincike.

A zamanin nan ƙarin jini kasada ne. Wani a yi masa ya warke, wani kuwa da an yi masa sai ya kama makyarkyata, fitsarinsa ya yi baƙi, ya mutu. Likitoci suka rasa dalili, har galibinsu suka daina yi.

To, sai Landsteiner ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba kowanne kashi biyu, jajayen ƙwayoyi daban, ruwan jinin daban. Ya riƙa zuba ƙwayoyin wannan cikin ruwan jinin wancan, yana dubawa. Wani lokaci su gauraya lafiya lau, wani lokaci kuwa ƙwayoyin su dunƙule guda-guda kamar nonon da ya tsinke. Ga shi kuwa mutanen nan duk lafiyarsu ƙalau, saboda haka ya tabbata ba wata cuta ce ta kawo haka ba.

Ga abin da ya gano. Ƙwayoyin jini suna da shaida a jikinsu, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida. Na wasu mutane suna da shaidar A, na wasu B, na wasu kuwa ba ko ɗaya, su ne ake kira O. Cikin ruwan jinin kuma akwai waɗansu abubuwa kamar masu gadi, in suka ga ƙwayoyi masu baƙuwar shaida sai su far musu. Wannan shi ke kashe majinyaci. Ya bayyana rukuni ukun nan cikin 1901, da shekara ta kewayo abokan aikinsa biyu suka sami na huɗu, wato AB. Tun daga 1907 aka fara auna jini kafin a ƙara wa mutum, a wani asibiti na New York.

Cikin 1908 shi da Erwin Popper suka nuna cewa wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar cuta ce ke kawo shan inna. Bayan Yaƙin Duniya na Farko talauci ya kama Ostiriya, bincike ya gagara. Ya ƙaura zuwa Holan cikin 1919, daga can kuma ya wuce Amurka. Aka ba shi lambar girma ta Nobel cikin 1930. Tsufa bai hana shi aiki ba. Cikin 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana wata shaida kuma, mai suna Rh. Saninta ya taimaki likitoci suka gane abin da ke sa jinin uwa ya cuci jaririn da ke cikinta.

Yana tsakiyar aiki ciwon zuciya ya kama shi, bayan kwana biyu ya mutu, ran 26 ga Yuni, 1943. Mutum ne mai kawaici, ba ya son yabo, ba ya faɗin abu sai ya gwada shi sau da yawa. Don tunawa da shi aka keɓe ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ta zama ranar masu ba da kyautar jini a duniya duka.