Tarihin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani mawaƙi da ya tashi babu uwa babu uba, amma sunansa ya zagaye duniya.

Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a shekarar 1946 a garin Bukuru, kusa da Jos, a Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu Adamu yana jariri. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ita ma ta rasu, sai sarkin da mahaifinsa ke yi wa kiɗa ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan aka riƙa ce masa Ɗanmaraya, sunan kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Abin kiɗansa shi ne kuntigi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya tal. Da gwangwanin kifi ake yin sa, a rufe da fata. Kamar yadda muka san marigayi Haruna Uji na nan Haɗeja da gurmi, haka aka san Ɗanmaraya da kuntigi. Shi kaɗai yake kiɗansa, yana waƙarsa.

Mawaƙa da yawa sarakuna da attajirai suke yi wa waƙa. Shi ma ya yi wa manya, amma ya fi shahara da waƙoƙin talakawa. Waƙar Karen Mota ta yabi yaran mota, masu lodi da gyaran taya, waɗanda mutane ke rainawa. Duk wanda ya je tashar motar garinmu ya ga masu loda buhunan shinkafa da tattasai cikin rana, zai gane mutanen da yake nufi.

Ya kuma yi waƙoƙin gyaran hali, irin su Jawabin Aure da Gulma Wuya. A waƙar Auren Dole ya ja kunnen iyaye masu aurar da 'ya'yansu mata ga wanda ba sa so. Wannan ta fi taɓa mu, domin a cikinmu akwai waɗanda suka gama firamare da ƙawaye masu ƙoƙari, amma yau ba sa aji tare da mu.

Ya yi wasa a ƙasashen waje da dama, gwamnatin Nijeriya kuma ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015.

'Yan'uwa, kusan kowane aji a makarantar nan akwai maraya. Kada mu raina shi don rigarsa ta tsufa ko ya rasa kuɗin tara. Da sarkin Bukuru bai riƙe Adamu ba, da wataƙila ba mu taɓa jin sunansa ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.