Max Wien (1866–1938) da Neman Tsantsar Amo

Muryar ladani daga saman hasumiyar Gobarau, ko busar algaita a ƙofar Sarkin Katsina, ba amo guda ba ce. Kowace tana ɗauke da amo na tushe, sannan wasu da dama suna hawa a kansa. Mai son gwada kaifin kunne ko ingancin na'urar ɗaukar magana, ciki har da mai nazarin karin sautin Hausa, akasin haka yake nema: amo tilo marar gauraye, wanda zai zama ma'auni. Ta wannan ƙofa sunan Max Wien ya shiga ɗakunan gwajin sauti.

An haife shi a Königsberg ta ƙasar Furushiya a 1866. A Berlin ya sami digirin digirgir a 1888, a hannun Hermann von Helmholtz, kan yadda ake auna ƙarfin sauti. A 1903 ya wallafa bincike kan yadda jin kunnen ɗan Adam yake bambanta tsakanin siririn amo da kakkaura. Ya koma Jami'ar Jena a 1911.

Aikin da ya fi raya sunansa kuwa na 1891 ne: wata da'irar lantarki mai rassa huɗu, wadda ake kira gadar Wien. Kamar sikeli take, sai dai ba ta daidaita sai a kan adadin kaɗawa guda a kowace daƙiƙa. Don awo ya tsara ta, domin a lokacin babu na'urar ƙara ƙarfin sigina da za ta sa gadar ta fitar da amo da kanta.

Ko bayan samuwar wannan na'ura, da sauran rina a kaba. Idan ƙarfin ya gaza, amon ya mutu. Idan ya zarce, amon ya gurɓace. William Hewlett, ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya warware matsalar a 1939 da ɗan ƙaramin ƙwan lantarki. Da zarar sigina ta yi yawa sai zaren ƙwan ya yi zafi, turjiyarsa ta ƙaru, ta rage ƙarfin. In ta yi ƙasa, zaren ya huce. Dabarar ba ta da tsada, kuma nan gwanintarta take.

Da ita aka ƙera HP 200A, hajar farko ta kamfanin Hewlett-Packard, kuma kamfanin Disney ya sayi guda takwas na samfurin 200B don aikin fim ɗin Fantasia. Wien bai ga ko ɗaya ba, domin ya rasu a Jena a 1938.