Ronald Bracewell: Ya tafi auna rana, lissafinsa ya ƙare a asibiti

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti bayan hatsarin babur ya san lokacin da likita zai ce a je a yi hoton kai. A kwantar da mutum, gado ya zura shi cikin wata na'ura mai kama da ƙaton zobe, kafin a jima ga cikin ƙwaƙwalwarsa a allon kwamfuta, yanka-yanka, ba a sa masa wuƙa ba. Siti-sikan ke nan. To lissafin da ke haɗa wannan hoto, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara warware shi ba likita ba ne, ba kuma marasa lafiya ne a gabansa ba. Rana yake son gani.

Sunansa Ronald Bracewell. An haife shi a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 1921, ya karanta kimiyya da injiniyanci a jami'ar garin. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a ɗakin binciken gwamnati da ke ƙera na'urar hango jiragen sama da siginar rediyo. Da yaƙi ya ƙare ya wuce Kambirij a Ingila, ya yi digirin dakta, ya komo gida. Ya tarar abokan aikinsa sun juya eriyoyinsu sama, domin an gano cewa rana da sauran halittun samaniya suna fitar da siginar rediyo, wadda ido ba ya gani.

Sai dai akwai matsala. Na'urorin wancan zamani idonsu ba shi da kaifi. Wata da aka kafa kusa da Sidni, jerin farantai ne irin na satalayit a layi ɗaya, ba ta iya duban wuri guda a fuskar rana ta faɗi zafinsa. Abin da take iyawa shi ne ta ɗauki siririn zirin da ya ratsa rana daga wannan gefe zuwa wancan, ta ba da jimillarsa dunƙule.

Ku ɗauka gona ce. An gaya maka kowace kunya dami nawa ta bayar, amma ba a gaya maka ta ina ne a jikin kunyar amfanin ya fi yawa ba. Idan aka sake ƙirgawa a gicciye, sannan a karkace, sannan ta wata kusurwar, a hankali za ka iya gano inda albarkar take ba tare da ka taka gonar ba. Tambayar ita ce ta yaya za a juya waɗannan jimilloli su koma hoto, kuma kusurwa nawa ake bukata kafin hoton ya zama abin yarda. A wancan lokacin da hannu ake wannan lissafi, taswirar rana guda ɗaya tana cin watanni.

A 1956 Bracewell ya wallafa takarda da ta ba da amsa. Ya yi amfani da lissafin Fourier, wanda ke ɗauke da sunan wani Bafaranshe, Joseph Fourier, da ya nuna cewa kowace irin siffa ana iya warware ta zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi. Bracewell ya nuna cewa awon kowace kusurwa yana ba da yanki ɗaya na waɗannan igiyoyi. A tara yankunan, a mayar da lissafin baya, hoto ya fito. A lokacin ya riga ya koma Jami'ar Stanford a Kalifoniya ta Amurka, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A 1967 shi da wani abokin aikinsa, Riddle, suka fito da hanya mafi sauƙi ga kwamfuta. Idan ka ɗauki jimillar kowane ziri ka shafa ta a kan layin da ta fito, hoto zai bayyana amma dishi-dishi, kamar an ɗauke shi da waya mai dattin kyamara. Dabararsu ita ce a fara tace alƙaluman kafin a shafa, sai dishin ya kau. Yanzu ku cire rana ku sa kan mutum. Hasken eksire yana ratsa kai a siririn layi, na'ura ta auna nawa ya rage bayan ya fita ta ɗaya gefen, zoben ya juya, a sake aunawa ta wata kusurwa. Tambaya ɗaya ce, kayan ne kawai suka bambanta. Irin wannan hanya ta tacewa da shafawa ita masana'antun siti-sikan suka dogara da ita shekaru da dama.

A nan fa sai a yi adalci, kar gobe wani ya rubuta a Facebook cewa Bracewell ne ya ƙirƙiro siti-sikan. Ba shi ba ne. Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ne ya ƙera na'urar, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971, kuma ta farkon da wata hanyar lissafi daban take aiki. Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi nasa lissafin shi kaɗai. Su biyun aka ba lambar Nobel ta fannin likitanci a 1979. Kai, tun 1917 wani masanin lissafi ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya warware ainihin tambayar a takarda, ta yi shekaru masu bukatarta ba su san da ita ba. Bracewell bai samu Nobel ba. A ganina sunansa ya cancanci a riƙa jin sa fiye da haka, ko da yake likitoci ba su yi masa rowa ba: a 1992 Cibiyar Likitanci ta Amurka ta zaɓe shi mamba, mutumin da bai karanta likitanci ba.

Shi kuwa bai bar ranarsa ba. A Stanford ya kafa farantai 32 a jere biyu da suka gicciye juna, suna fitar da taswirar zafin rana kowace rana har tsawon shekara 11, hukumar NASA ma ta amfana da su a zamanin tura mutane duniyar wata. Littafinsa kan lissafin Fourier da ya fito a 1965 har yau ɗaliban injiniyanci suna fama da shi. Kuma mutum ne mai yawan shige-shige. A 1960 ya kawo shawarar cewa idan akwai wasu halittu masu wayo a wata duniyar, za su iya turo na'ura mai sarrafa kanta maimakon saƙon rediyo. Da ya tsufa kuma sai ya rubuta littafi sukutum a kan bishiyoyin harabar jami'arsa.

Yana da wata al'ada. Idan masanin taurari ya kawo masa ziyara, sai ya miƙa masa guduma da kurfi, ya sassaƙa sunansa a jikin ginshiƙan siminti da ke ɗauke da farantan. Sunaye sama da 200 suka taru. Bracewell ya rasu ranar 12 ga Agusta, 2007, yana da shekara 86. Farantan an kwance su, amma an kwashi goma daga cikin ginshiƙan zuwa wata babbar tashar nazarin samaniya a jihar New Mexico, aka jera su a fili suka zama agogon da ke faɗin lokaci da inuwar rana.